Laminu, Kaske da Kunyar Ɗiyar Fari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Laminu ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina tsaye ƙofar aji da alli a hannu ƙanwarshi ta kira ni daga Maraɗi, ta ce bayan sallar asuba ne, can gidan likita. Ciwon cikin nan da yake ta cewa ba komi ba ne, ashe shi ne ajali.

Ban iya komawa ajin ba. Na roƙi madam ɗin aji na kusa ta riƙe mani yaran, na kama hanyar gida.

Ga wanda bai san shi ba, Laminu ɗan Dakoro ne, tare munka shiga lakwal, makarantar boko, tun muna goge allon ardwaz da miyau. Shi ya wuce Yamai ya karanto ilimin ordinata, wato kwamfuta, ni na tsaya nan na zama madam mai koyarwa. Laminu Kaske ake ce mashi a garin nan, kuma waɗanda sunka laƙa mashi sunan ba don ƙauna sunka laƙa ba.

A hanya na buɗe telefon. Ai ko na sha kallo.

Fotonshi ko'ina. "Mun yi babban rashi." "Haziƙin Dakoro ya tafi." "Abin koyi ga matasa." Har da masu jera fuskar nan mai hawaye, sai ka ce wanda ya fi jerawa shi ya fi jin mutuwar.

Ku ji tsoron Allah mana.

Ku ne fa, ba wasu ba. Vokal ɗinku, saƙonnin muryar da kunka riƙa turawa, suna nan cikin telefon ɗina, ban goge ba. Wanda ya ce Laminu yana rufe ma tsofaffi ido yana nuna masu lahira. Wadda ta rantse cewa yana tsotse tunanin iyayenmu yana kai ma Turawa. Wanda ya ce duk tsohuwar da anka ɗaura ma abin nan ba ta ganin wata damina. Yau shi wannan na ƙarshen shi ya riga kowa sa fotonshi, har da rubuta "ɗan'uwana".

Ba zan kama suna ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

An riga an fara kirana, wai Barira ki yi shiru, yau ranar addu'a ce, a bar kaza cikin gashinta. To ba ni barin ta. Addu'a zan yi mashi iyakar raina, amma sai na faɗi abin da ya yi ma uwata, da abin da anka yi mashi.

Gigin tsufa ya kama Inna bayan rasuwar Baba. Da farko gishiri ne, ta sa ma miya ta manta ta sake sawa. Sannan ta fara fita neman awakin da anka rabu da su tun ina yarinya. Daga baya ta fara tambayarmu mu su wane ne, mi ya kawo mu gidanta.

Ni ce ɗiyarta ta fari.

Duk ɗan ƙasar nan ya san mi hakan ke nufi. Tun da Inna ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Ba ta duban fuskata, ba ta sa hannu ƙwarya ɗaya da ni, in na shigo ɗaki sai ta ja mayafi ta kau da kai. In tana son abu wajena sai ta ce ma ƙanena Sabi'u, "Ce ma wagga ta miƙo tabarma," alhali na fi shi kusa da ita. Kunyar ɗan fari ke nan. Haka ta tarar ana yi a ƙauyensu can gefen Birnin Lalle, haka ta riƙe abinta.

Da ciwon ya yi nisa sai kunyar ta tafi. Sai ta zuba mani ido, ta yi mani murmushi, ta ce, "Baƙuwa, matso mu ci."

Maƙwabta suna cewa ai gara haka, yanzu kin samu uwa mai fira da ke. Ba su gane ba. Matar da ke duban idona ba ta san ni ba, shi ya sa take dubana.

Cikin wannan hali Laminu ya dawo gida, wani froje, wato shirin taimakon tsofaffi masu mantuwa, ya ɗauke shi aiki. Froje ɗin ba nashi ba ne, akwai shef, wato shugaba, a kanshi, shi ma ɗan garin nan. Amma aikin hannu da yawon rana duk Laminu ke yi.

Kaske ɗin wani abu ne kamar ƙaton tabarau da ake ɗaura ma mutum a fuska. In an ɗaura maka, ɗakin da kake ya ɓace, sai ka ganka tsakiyar wani wuri daban. Ka waiga dama ka gani, ka waiga hagu ka gani, ka ɗaga kai ga sama nan. Dabarar ita ce a maida tsoho inda ya yi ƙuruciya, in ido ya ga tsohon wuri, kunne ya ji tsohuwar murya, sauran abin da ya kwanta a kai shi ma yakan motsa.

Ranar da ya zo mana da maganar dariya na yi mashi. Na ce Laminu, matar da ke gudun telefon in ya yi ƙara, ita za ka kifa ma wagga tukunya a ka?

Ya ce, "Madam, bari in gwada. In ta ƙi, na sha furarku na tafi, ni dai ban yi asara ba."

Bai fara da mashin ba. Sai da ya bi tsofaffin danginmu gida-gida yana tambaya: ina ƙofar gidan kakanmu ta duba, wane icce ne a tsakar gida, daga wane gefe rana ke shigowa ɗakin da Inna ta tashi. Sannan ya hau moto da kamararshi ya tafi ƙauyen. Ya ɗauko dangar gidan, da rumbuna, da aduwar da ke bayan ɗaki, da rijiya ana jan ruwa. Har matan ƙauyen ya roƙa sunka yi mashi lugude ya ɗauki sautin.

Ya dawo baki a bushe, wuya ya yi baƙi da rana, yana ta washe haƙora.

Ranar farko igiyar kaske ta ture ma Inna kallabi. Ta fizge abin ta yar, ta ce ita ba ta zama kai buɗe gaban namiji. Wani da cewa zai yi tsohuwa ta cika fitina. Laminu ya ɗauki abinshi ya kai ma tela, anka ɗinka mashi maɗauri mai faɗi da ƙyallen atamfa, wanda ke hawa bisa kallabi bai taɓa shi ba.

Akwai wani ɗan abin riƙewa mai maɓallai da ake dannawa don a yi gaba ko baya cikin hoton. Inna ta jujjuya shi ta ajiye, ta ce ba ta san kanshi ba. Ya tafi da shi gida, ya kwance shi, ya manna cikinshi ƙarƙashin faifai. In ta karkata faifan gaba sai ta yi gaba, in ta karkata gefe sai ta juya.

Ya ce mani, "Hannun Inna ya san faifai tun kafin a haife mu. Mashin ce baƙuwa, ita ya kamata ta koyi zama da mutane."

Da anka ɗaura mata karo na gaba, ta ganta ƙofar gidan ubanta.  Can sai munka ji ta ce, "Salamu alaikum." Ta saurara. Ta sake yin sallama. Da ta ji shiru sai ta ce, "Ba kowa, mu koma," ta fara kwance maɗaurin.

Wallahi ranar ya sake hawa moto ya koma ƙauyen, don kawai ya ɗauko muryar wata tsohuwa tana amsa sallama tana cewa maraba, shigo. Wannan shi ne mutumin da kunka ce yana cin amanar iyayenmu.

Daga ranar Inna ta shiga gidan.

Mu muna zaune tsakar gidanmu na Dakoro, ita tana can. Tana karkata faifai tana magana. Wannan rumbun na Baffa ne, wancan na kakarku. Nan akuya ta taɓa karye ƙafa. Da ta ji luguden sai kafaɗunta sunka fara motsi, bakinta ya kama waƙar daka da ban ƙara ji ba tun ina goyo da ƙannena.

In an cire mata abin, takan wuni da hankalinta, wani lokaci har gobe. Ta yi salla raka'o'inta cikakku. Ta gane Sabi'u ta yi mashi faɗan ya bar aski. Ba warkewa ba ce, shi kanshi Laminu bai taɓa ce mana warkewa ce ba. Cewa yake, "Aro ne muke karɓowa, Madam. Amma ko aro ai riga ce."

Ni dai abu ɗaya nake jira, in san ko ta san ni.

To froje ɗin yana da hanyar gwada ko abin yana aiki. Cikin kaske akwai wasu ƴan idanu ƙanana masu kallon idon wanda ya sa shi. Sai a sa fotunan ƴaƴa da jikoki su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya ƙofar gidan nan na cikin hoto. Mashin tana lura: ya dubi fuskar? Ya daɗe yana dubanta? Ya faɗi sunan? In an yi haka sai ta rubuta ya gane. In ba a yi ba ta rubuta bai gane ba. Haka anka tsaro abin daga can inda anka ƙera shi.

Anka gwada Inna. Sabi'u ya fito, ta dube shi ta kira sunanshi. Ƙannena mata sunka fito, ta kira su har da sunan wasa. Fotona ya fito, ta yi shiru, idonta ya gudu gefe.

Laminu yana kallon ordinata, na ga fuskarshi ta canza. Ya ja ni gefe ya ce a hankali, "Barira, ki yi haƙuri. Ta gane kowa, ke ce dai har yanzu."

 Na je na kwance mata maɗaurin da hannuna kamar kullum. Da hasken rana ya dawo mata, ta ga wadda ke tsaye gabanta, sai ta ja mayafi, ta juya mani baya, ta ce ma Sabi'u, "Ce ma wagga ta kawo ma baƙo ruwa."

 Na zauna nan ƙasa ina kuka, Sabi'u na kuka, Inna kuwa ta ƙi waigowa.

Laminu ya dafe kai. Ya ce, "Kai, Laminu, ka ji kunya. Ni ɗan Dakoro, na bari mashin ta mantar da ni abin da na sani tun ina tsumma." Yana dariya, hawaye na zuba. Ranar ya shanye furar da na dama mashi har da neman ƙari.

Da ya koma ya duba sauran gidajen da yake aiki, sai ya ga abin ba namu ba ne mu kaɗai. A gidaje da yawa ɗan fari ko ɗiyar fari ke jinyar tsoho, kuma fuskar mai jinya ita froje ya fi ba muhimmanci. Duk tsohuwar da hankalinta ya dawo har ta tuna kunya, mashin sai ta rubuta ba ta gane ba. Wadda ta fi samun sauƙi ita ke fitowa kamar ta fi lalacewa.

Ya kai ma shef maganar, ya ce a gyara ma'aunin. Shef ya ce a bari manya su zo daga Yamai.

Sunka zo. Anka yi taro a biro, ofishin froje, anka gayyaci wasu daga cikinmu masu jinya, ina ciki. Cikin baƙin akwai wata Baturiya, ita ce mai yanke magana. Ta nuna sakamako a bango ta ce abin ba shi aiki a nan, tsofaffin ba su gane mutanen da sunka fi kusa da su.

Laminu ya miƙe ya yi bayani da Faransanci tiryan-tiryan. Ya ce a nan uwa ba ta duban ɗanta na fari, ba ta kiran sunanshi, kau da kan nan shi ne shaidar ta gane. Ya nuna ni ya ce ga ɗaya nan zaune, a tambaye ta.

Baturiyar ta yi mamaki. Ban ga laifinta ba, ba ta taɓa ji ba, kuma ta yi abin da ya dace, ta juya ta tambayi ɗan gari. Ta ce ma shef, gaskiya ne haka ake yi?

Shef ya yi ƴar dariya, ya gyara zaman tabarau, ya ce wannan ai zancen da ne, yanzu ba mai yin haka, an waye. Ya ce yaron yana neman abin da zai fake da shi ne don aikinshi bai yi kyau ba.

Ina jin Faransanci, ranka ya daɗe shef. Da shi nake cin abinci. Kowace kalma ta shiga kunnena.

Na ɗaga hannu, ka yi kamar ba ka gani ba. Na miƙe tsaye, ka ce lokaci ya ƙure, baƙi za su kama hanya.

Kai fa ɗan fari ne. Mahaifiyarka tana nan da ranta, Allah ya ƙara mata lafiya, duk unguwarku an san ba ta taɓa kama sunanka ba. In ta matsu, "wancan na biro" take ce maka. Ka baro ta da safe ta kau da kai ta amsa gaisuwarka, ka zo ka zauna cikin sanyin biro ka ce ba mai yin haka.

Don mi? Don kada Baturiya ta ce ka fito daga ƙauye. Kunyar uwarka ce ta ba ka kunya.

Da ba ka sani ba da na yi maka uzuri. Ka sani sarai.

Ba a jima ba anka rufe froje. Anka tattara kaske duka anka zuba cikin kwalaye, har da mai maɗaurin atamfa, har da faifan. Anka haɗa da ordinatar da hotunan ƙauyuka ke ciki, anka kulle a magaza, ɗakin ajiyar kaya. Shef ya koma wani froje, ko motar bai canza ba. Laminu ya koma gyaran telefon bakin tasha.

Ku kuma na grup ɗin garinmu na telefon kunka yi ta guɗa. Wai Allah ya tona asirin mai kaske, Turawan ma sun gano shi. Wata har gida ta biyo ni, wai ta zo yi mani barka an raba uwata da aljanu. Ke ma na ga komanterki yau, kin rubuta mutumin kirki ne.

Laminu bai nemi a maida shi aiki ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya kwafi hotunan a kle, ɗan abin ajiyar nan da ake soka ma ordinata, ya nemi wata dabara ya ci gaba da nuna ma tsofaffin. Shef ya ce kayan froje ne, sai an samu izini daga sama. Saman nan har yau ba ta amsa ba.

Ya ce to bari ya sake ɗaukowa da telefon ɗinshi. Ya hau moto ya koma ƙauyen Inna, ya tarar damina ta kada ɗakunan, dangin da sunka rage sun tashi, an sare aduwar an yi itace. Gidan kakana yanzu ba shi ko'ina a duniya sai cikin ordinatar nan da ke kulle.

Inna ta fara komawa baya a hankali. Salla ta sake rikicewa. Sabi'u ya zama "yaron nan". Wata safiya na shiga gaishe ta, ta ɗago ta dube ni ido cikin ido ta yi murmushi, na san aron ya ƙare.

Duk da haka bai daina zuwa ba. In ya taso daga tasha sai ya biyo, ya durƙusa ya gaida Inna, ta tambaye shi ɗan wane ne, ya faɗa mata, ta sake tambaya, ya sake faɗa, ko sau ɗaya ban ga ya ƙosa ba. In yara sunka bi shi da "Kaske, Kaske" a hanya, hannu yake ɗaga masu. Ni ce mai zagin yaran, shi sai ya ce, "Madam, bar su, ai sun fi iyayensu, su a gabana suke faɗi."

Ganina da shi na ƙarshe ranar kasuwa ce, kafin a wuce da shi Maraɗi. Ya zo da la'asar, ya rame har wuyan rigarshi ya yi mashi yawa. Yana riƙe da wani abu da ya haɗa da kwali da gilasan tsohon tabarau, ya zura telefon a ciki. Abin da ya rage na ƙauyen ne ya ɗauko, ya ce a gwada ko rijiyar kaɗai za ta isa.

Na riƙa ma Inna a fuska. Ta duba, ta daɗe, sannan ta ture hannuna ta ce, "Wanga kango na wa ne? Allah sarki, mutanen sun watse."

Laminu ya sunkuyar da kai. Na dama mashi fura, ya kurɓa ya ajiye, ya ce cikin ba shi karɓa.

Ya ce, "Na so in maido maki ita, ko na wuni ɗaya ne."

Na ce ai ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya gani.

Ya ce, "In na ji sauƙi zan koma wajen shef. Ko durƙuso yake so in yi mashi, ba gwiwa ba ce?"

Na ce wallahi ba ka durƙusa ma wannan mutumin ina raye. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Ke dai ba ki canza ba tun lakwal." Da zai hau moto ya waigo ya ce, "Ranar da ta sake juya maki baya, ki yi mani bip a telefon."

Shi ke nan. Ban sake ganinshi ba.

Ban ce wani ya kashe Laminu ba, kada a je a canza mani magana. Kwana ne ya ƙare, ko da an naɗa shi sarki sai ya tafi yau. Amma ya tafi ana ce mashi maƙaryaci a takarda, ana ce mashi mai aljanu a gari, kuma cikin masu faɗin akwai waɗanda sunka san ba haka ba ne.

Ranka ya daɗe shef, na ga abin da ka rubuta. Dogon rubutu da Faransanci mai kyau, wai ka rasa ƙane, wai kai ka gano hazaƙarshi. Na karanta har ƙarshe, ban ga inda ka ce ya yi gaskiya ba.

Ba ni son ta'aziyyarka. Makulli nake so.

Ka buɗe magazar nan. Ka fiddo ordinatar da kaske, ko ɗaya ne, akwai abokan aikinshi da sunka iya kunnawa. Ka ɗauki telefon ka kira Baturiyar nan ka ce mata abin da yaron ya faɗa gaskiya ne, ni ma uwata haka take yi mani. Ba ni kaɗai ba ce, gidaje nawa ne a garin nan da tsohuwarsu ke kulle cikin kwalin nan. Kuma ka yi sauri, don masu gigin tsufa ba su jiran izini daga sama.

In kana ganin zafin kai ne ke sa ni magana, bari ka ji abin da na tarar da na iso gida ɗazu.

Inna tana zaune inuwar ɗaki. Na yi niyyar in wuce ciki kada ta ga fuskata, amma kukan ya ci ƙarfina, na zube gefen tabarmarta. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana cewa Barira lafiya, Barira mi ya faru.

Inna ta matso. Ta kama haɓata ta ɗago fuskata, ta share mani hawaye da bakin mayafinta. Tun da nake, hannunta bai taɓa zuwa fuskata ba.

Ta ce, "Barira ko? Haka na ji ana kiranki."

Na ɗaga kai.

Ta ce, "Suna mai daɗi. Barira, yi shiru. Ina uwarki take, ta bar ki kina kuka haka?"

Ina yarinya nakan laɓe bayan ɗaki in yi ta roƙon Allah ya sa wata rana in ji sunana a bakin Inna. Yau na ji. Ban san za a wayi gari in roƙi Allah ya sa ta sake ƙin faɗinshi ba.

Ya Allah, ga bawanka Laminu ya zo gare ka. Ka gafarta mashi, ka yi mashi rahama, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Yadda ya bi rana ya nemo ma iyayen wasu hanyar gida, ka buɗe mashi ƙofar gidan da ya fi kowane gida, ka sa a amsa sallamarshi da maraba. Ka ba mahaifiyarshi da ƙannenshi haƙurin rashinshi. Ka sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi mashi Ƙulhuwallahu, ya kira sunanshi cikin addu'a. Ku sa Inna ma, da duk tsofaffin da ke cikin wannan hali, da masu jinyarsu.

Wanda kuma ya san bakinshi na cikin waɗanda sunka ci naman Laminu, kada ya rubuta mani amin a ƙasa, zan goge. Ya je ya yi alwala, ya nema mashi gafara tsakaninshi da Allah, ya nema ma kanshi.

Allah ya jiƙan Laminu.